Zuwa ga Uwani, da Za Ta Dakar Koyon Likita

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Uwani, gaisuwa mai yawa daga mahaifinki a Dungas. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Yamai kafin ki hau jirgin da zai kai ki Dakar. Allah Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki, Ya raba ki da ciwo da sharrin baƙunta.

Ba zan ba ki labarin gida ba, kwana tara kawai da tafiyarki. Kin san ni ba mai yawan magana ba ne da 'ya'yana, balle ke da kike ɗauke da sunan mahaifiyata, ina jin nauyinki. Ranar da muka raka ki tashar Magarya akwai abin da na so in gaya miki, bakina ya yi nauyi, na ce miki ki riƙe salla kawai. Sauran ke nan nake rubuto miki. Da gangan na rubuta da Hausa. Na iya Faransanci, da shi na ciyar da ku shekara talatin ina yi wa shanu allura, amma a cikinsa na yi yawancin abin da nake jin kunyarsa yau.

A zamanin Nasara ina saurayi, ban daɗe da fitowa lakwal, makarantar boko, ba, aka ɗauke ni sarwis ɗin dabbobi. Aka ba ni kaki da hula, na ɗauka na fi kowa a garinmu. Shugabanmu wani Bature ne likitan dabbobi, mutane suna ce masa Mai Lofe, ni ne kuma tafintansa. Wata shekara ciwon huhu ya shiga garkunan Yekuwa. Muka ɗauko maganin riga-kafi daga Damagaram cikin akwatin ƙanƙara, sai motar ta kafe a rairayi kwana biyu, ƙanƙarar ta narke gaba ɗaya. Na gani, shi ma ya gani. Ya ce a yi allurar haka nan.

Da muka isa bakin rijiyar da aka tara shanu, wani dattijo mai suna Arɗo Ja'e, wanda shi ne babban masu kiwon wurin, ya matso ya taɓa kwalbar. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Malam, ka gaya masa ruwan nan ya sha rana, na ji shi da ɗumi. Ya bar mu mu yi namu." Sai ya yi mini bayani dalla-dalla. Idan ciwon ya kama saniya sukan yanka ta, su yanko ɗan guntun huhun da ya lalace, su tsaga fatar karan hancin mai lafiya su cusa shi. Wurin ya kumbura, bayan 'yan kwanaki su ƙone shi da ƙarfe. Wadda aka yi wa haka, in ciwon ya zo, yakan wuce ta. Ya ce ubansa ya yi, kakansa ya yi.

Mai Lofe ya tambaye ni me tsohon yake cewa. Uwani, ga abin da na ce masa: "Maganar tsafinsu yake yi." Ya yi dariya, ni ma na taya shi. Arɗo bai san Faransanci ba, amma ya iya auna magana. Ya ce, "Tawa ta yi tsawo, taka ta yi gajarta. Ina ka kai sauran?" Na juya masa baya na ɗauki allura.

Arɗo ya janye garkensa tun kafin layi ya zo kansu, ya shiga daji da su ya yi abin da ya gada. Ya rasa kaɗan, yawanci suka tsira. Waɗanda na yi wa allura da hannuna, masu su suka saki jiki suka ci gaba da haɗa su da marasa lafiya a wurin shan ruwa, tunda ai an yi musu maganin Bature. Kafin kaka ungulu sun ƙoshi a Yekuwa. Akwai gidajen da har yau ba su sake ɗaure saniya ba, kuma ina sanin su in na wuce.

Ba zan ɗora wa Mai Lofe duka ba. Wataƙila da na fassara masa gaskiya da ya ƙi, wataƙila da ya tsaya ya duba. Ban ba shi damar ji ba, don a raina na riga na yanke cewa mutumin da yake wari irin na madara da hayaƙi ba zai san abin da mai littafi bai sani ba. Ke za ki zama tafinta duk rayuwarki, tsakanin abin da ke cikin littafi da abin da ke bakin tsohuwar da ta kawo miki jikanta. Kada ki rage mata magana. Ki saurara har ta gama, sannan ki gwada. Ban ce duk abin da muka gada daidai ba ne, akwai wanda yake kisa, kuma shi ki yaƙe shi ba tare da jin kunyar kowa ba. Amma ma'auni ɗaya za ki ajiye wa nasu da namu.

Kakanki Malam Habu, mahaifina, kin san shi da suna kawai. Ya bar gafaka uku ta littattafai, wasu da Larabci, wasu da ajami, da yawa rubutun hannunsa. A ƙafa ya je Katsina ya kwafo wasu, wasu kuma daga malaman Barno. Akwai na shari'a da rabon gado, akwai na lissafin taurari wanda da shi yake gaya wa manoman Bande lokacin da za su amince da ruwa su yi shuka, akwai na magunguna. Da aka ba ni gidan sarwis a Magarya, mai rufin kwano, na sa kafinta ya yi mini kanta, na jera littattafan Faransanci guda shida da mujallun da Turawa suka zubar. Gafakun na bar su a tsohon ɗakin ƙasa a Dungas, don kada abokan aikina su gani su ce ni ɗan ƙauye ne.

Damina biyu ban waiwaye su ba. Kakarki ce ta aiko in zo. Ita ma mai karatu ce, matan unguwarmu a tsakar gidanta suka koyi karatu da hukuncin salla. Na same ta zaune da gafaka ɗaya a cinyarta, ta zazzage ta a gabana, ƙasa ta zubo. Gara ta cinye, sai 'yan gefunan takarda da rabin kalma a kansu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mamman, ka san me ya sa Turawa suka ce maka ba mu da karatu kafin su zo?" Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Don sun san irinka za su ba su shaida."

Na daɗe ina jin zafin maganar nan, amma gaskiya ta faɗa. A lakwal an karantar da mu sunayen kogunan Faransa da sarakunansu, ba wanda ya gaya mana cewa a Tumbutu da Agadas da Katsina da Barno baƙaƙen malamai sun yi ta rubuta littattafai, ana tasowa daga nesa a zauna gabansu, alƙalai suna hukunci da hujja a rubuce, mata suna rubuta waƙoƙin karantarwa ana haddacewa ƙauye-ƙauye. Duk wanda ya ce miki ke ce ta farko a zuri'arku da ta riƙe alƙalami, ki gaya masa bai san zuri'arku ba. Kuma ki rubuta. Abin da kika gani a jikin marasa lafiyarmu, ki rubuta da sunanki a kai, ki ajiye inda gara ba ta kaiwa. Idan ba ki rubuta ba, wani zai zo ya yi mako biyu a garinku ya rubuta, kuma nasa za a karanta wa 'ya'yanki.

Laifina na uku ya fi su muni, don a lokacin ba ni da uzurin ƙuruciya. Bayan mun samu mulkin kai da 'yan shekaru aka turo mana sabon shugaba, Likita Isufu, wanda kika sani. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda na karɓe shi. Na san ubansa, majemi ne a Magarya, na kuma san shi kansa tun yana ɗaukar fatu a ka zuwa kasuwa. Da na ga ya sauko daga mota da takardar likita daga ƙasar waje, sai zuciyata ta ƙi. Ina ce wa Bature "Likita" har da cire hula, shi kuwa in ce masa "Isufu" a gaban mutane. Yana ce mini Baba, ina amsawa a daƙile.

Wata rana muna Kwaya, wani manomi Malam Nomau ya zo a guje. Saniyarsa ɗaya tilo tana naƙuda tun jiya, maraƙin ya gicciye. A lokacin akwai wani Bature mai ba da shawara da yake zuwa daga Damagaram lokaci-lokaci. Na ja Nomau gefe na ce, "Ka lallaɓa ta zuwa jibi, likitan gaske zai zo." Ban san Likita Isufu yana bayan motar yana wanke hannu ba.

Ya ce a tafasa ruwa, a kawo igiya da tabarma sabuwa. A ƙarƙashin wani gawo, da rana tsaka, garin duka yana kallo, ya aske mata kwiɓi, ya yi mata allurar kashe zafi, ya tsaga, ya zura hannu ya fito da maraƙin da ransa. Ya ɗinke ta ɗinki bisa ɗinki. Ni ne nake miƙa masa kayan aiki. A shekarun da na yi tare da Turawa ban taɓa ganin an yi wannan aiki a daji ba. Kafin la'asar saniyar ta miƙe tana lasar ɗanta.

A hanyar komawa mun yi nisa. Can sai Likita Isufu ya ce, "Baba, shekara nawa zan yi kafin in zama na gaske?" Ya ƙara da cewa, "Jarrabawar da Turawa suka yi ita na yi, a aji ɗaya da 'ya'yansu, kuma ba ni ne na ƙarshe ba. In su suka raina ni, na saba, na san yadda zan yi da su. Naka ne ya yi mini ciwo."

Washegari na je biro, wato ofishinmu, na tsaya a gaban teburinsa, a gaban sauran ma'aikata, na cire hulata na ce, "Likita, ka yafe mini." Ya tashi ya mayar mini da hular a kai. Daga baya, da muka saba, na ba shi labarin Arɗo Ja'e. Ya ɗauko wani babban littafi da ya zo da shi ya buɗe mini, ga zanen saniya da ƙullutu a karan hanci. Ya ce masu kiwon ƙasashenmu sun san wannan tun kafin Bature ya tako nan, har Turawan da kansu sun rubuta. Ya ce allurar yanzu ta fi shi tsabta in an kiyaye ta daga zafi, amma dabarar ɗaya ce. Na tambaye shi ko an sa sunan wanda ya gano. Ya ce ba a sa sunan kowa ba.

Shi ya fara ba ni labarin Dakar ɗin da za ki. Ya ce akwai baƙaƙen malaman jami'a da suke tsayawa gaban aji, da Turawa a cikin masu ɗaukar darasi. Akwai masu fiɗa, akwai alƙalai, akwai masu binciken tarihin da suka tsaya a manyan taruka suka ƙaryata waɗanda suka ce baƙar fata bai taɓa gina komai ba. Na ga irinsu da idona a farin nan da ya ci dabbobinmu shekarun baya. Injiniyan da ya auna inda aka haƙa mana rijiya mai zurfi ɗan ƙasar nan ne, da Hausa yake ba ma'aikatansa umarni. Da wasu baƙi masana suka zo taro Magarya suna cewa jahilcin masu kiwo ne ya kashe shanu, Likita Isufu ya miƙe ya tambaye su wane ne a cikinsu zai iya kai garke daga nan zuwa ruwa na kwana biyar ba tare da taswira ba. Ba a samu ko ɗaya ba. Ya ce to a kira masu iyawa su shigo su zauna a kujera, kuma aka kira su.

Saboda haka ki shirya. Rainin da zai fi yi miki ciwo daga namu zai fito, daga mai irin fatarki da zai ce a kira masa wani, daga dattijo irina. Kada ki tsaya gardama da shi alhali mara lafiya yana jira. Ki yi aikin, in kin gama ki gaya masa gaskiya a fuskarsa. Kada kuma ki roƙi kowa ya yarda da ke. In kika ga ɗan'uwanki baƙi ya iya abu, ki faɗa da ƙarfi inda za a ji, ki kira shi da muƙaminsa, ko ɗan majemi ne ko ɗan sarki.

Saura na ƙarshe, wanda ke na yi wa. Na ɗauka na warke, ashe da saura.

Kin tuna hutun da kika zo daga lise, makarantarku ta sakandare a Damagaram, da takardar zaɓen karatu. Kika ce wata malamarku Baturiya ta ce karatun likita dogo ne kuma ya yi wa 'yan mata irinku nauyi, gara ki zaɓi ungozoma ki gama da wuri. Kika dube ni kina jiran abin da zan ce. Ke da kike ta ɗaya a ajinku. Na ce miki, "Ki bi maganar Madam, ta fi mu sani." Kika ce to, kika naɗe takardar, kika koma Damagaram washegari.

Bayan kin tafi, uwarki ta ajiye mini tuwo ta zauna nesa da ni. Kin san ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta ce, "Malam, ranar da Sa'a ta rasu, ungozoma muka rasa?" Innarki Sa'a take nufi, ƙanwarta, wadda kina ƙarama naƙuda ta gagare ta, aka ɗora ta a amalanke za a kai ta Magarya, ta cika a hanya. Na ce a'a. Ta ce, "Ungozoma tana nan riƙe da hannunta, ta yi iyakar iyawarta, Allah Ya saka mata. Mai tsagawa ya fito da ɗan muka rasa. Ka zo ka ba ni labarin an yi wa saniya a Kwaya ta tashi. Ƙanwata ba ta kai saniya ba? Yanzu Allah Ya ba ka 'yar da za ta iya, ka ce wata ta fi ka sani. Ta san Sa'a?"

Ban ci tuwon ba. Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Damagaram, na tsaya a ƙofar lise har aka kira ki. Na ce ki karɓo takardar a gyara. Kika sunkuyar da kai kika ce, "Baba, ka yi haƙuri, likita na rubuta." Kin ga na juya na tafi, na san kin ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne, Uwani. Hawaye ne suka zo mini, ban so ki gani ba. A rayuwata ba a taɓa saɓa mini na ji daɗi irin na ranar ba.

Ba na raina ungozoma, hannunta ne ya karɓe ki. Da ke kika zaɓa da kanki, da na sa miki albarka. Abin da na ƙi shi ne wani ya tsaya ya auna miki iyakarki da ido, kuma ubanki ya ce amin. Daga yau duk wanda ya ce wani karatu ya fi ƙarfinki, ki tambaye shi a ina ya gwada ki. In ni ne na faɗa, ni ma ki tambaye ni.

Za ki sha wuya, ba zan ɓoye miki ba. Za ki faɗi wata jarrabawa, za ki yi kewar fura, za a yi dariyar yadda kike furta wasu kalmomi. Ki gyara furucin in zai amfane ki, amma kada ki ɓoye inda kika fito. Ki girmama malamanki, farare da baƙaƙe, ki kwashe duk abin da ke kansu, don ilimi ba gadon gidan kowa ba ne. Girmamawa daban, durƙuso daban. Ni na haɗa su wuri ɗaya shekara da shekaru, kin ga abin da ya jawo. In kin gama ki dawo. Za a nuna miki asibitoci masu fitila da ruwan famfo a ce ki zauna. Ki tuna hanyar Dungas zuwa Magarya da matan da ake ɗorawa a amalanke.

Uwarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci ko bai yi miki daɗi ba. 'Yan'uwanki duka suna gaishe ki. Na yafe miki duk abin da kika yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ke ma ki yafe mini. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare mutuncinki da imaninki, Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa waraka a hannunki, Ya dawo mana da ke muna raye. In kuma ban kai ba, Allah Ya sa ki same ni cikin masu rahama.

In kin isa can za su tambaye ki daga ina kike. Ki ce Dungas. Za su ce ba su taɓa jin an yi likita mace daga can ba. Ki ce musu gaskiya ne, shi ya sa kika zo.

Wassalam.

Mahaifinki,
Mamman mai allurar shanu, Dungas.